Malama, ki fara duba irin kafin ki ɗora wa yaran laifi

Wa'alaikumus salam Malama. Na ga abin da kika rubuto, cewa 'yan ajinki sun shuka wake a gwangwanaye mako uku da suka wuce, fiye da rabi bai fito ba, wanda ya fito kuma ya zuƙe ya yi siriri daga baya ya kwanta, ga shi saura mako takwas a yi baje kolin kimiyya kafin hutu. Wallahi abin ya taɓa ni, don ciwo ne da na sani. Ki kwantar da hankalinki. Mako takwas kwana 56 ke nan, kuma wake mai saurin nuna yana fure tsakanin kwana 35 zuwa 45, don haka za ki je wurin da fure har da ɗanyen kwanso, matuƙar an sake shuka cikin satin nan.

Daga ina waken ya fito? Idan cewa kika yi kowane yaro ya ɗebo daga gida, ko kika aika aka auno miki a kasuwa, to a nan aka fara samun matsala. Yanzu muna ƙarshen watan Mayu, waken da ke kasuwa na kakar bara ne, ya kwashe wata shida ko bakwai a buhu, ya sha zafin Maris da Afrilu. Ki ɗebi hannu guda ki duba a hasken rana. Za ki ga ɗigo-ɗigo fari manne a jikin ƙwayar, ƙwan ƙwaron wake ne. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta shige ciki ta yi ta ci, hujin nan da muke gani kuwa ƙofar da ƙwaron ya fito ce bayan ya gama ɓarna. Ƙwaya na iya zama kamar lafiyayya a ido alhali an cinye wajen da tsiron zai fito. Abin da ke ƙona min rai shi ne mai awon da za ka gaya wa ƙarara cewa shukawa za a yi, yara ne za su yi darasi da shi, ya dube ka ya rantse sabo ne, alhali ya bushe shi, ya tankaɗe garin ƙwaron, ya zuba mai kyau a saman buhu. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, rabin kwano ne. Amma yara arba'in ne za su yi mako biyu suna leƙa gwangwani safe da rana, kowa na jiran abin da ya mutu tun kafin a binne shi. Yaro ba ya tunanin iri ne ba kyau, ɗauka yake shi ne bai iya ba. Da mai awon zai ce na ci ne, ban da tabbacin zai tsiro, da ba wanda zai ga laifinsa. Allah ya shirya.

Saboda haka ki gwada irin, kuma ki sa yaran su yi gwajin da hannunsu. A ƙirga ƙwaya 20 ba tare da zaɓe ba, a jera a tsumma mai laima wanda aka matse, a naɗe, a sa a leda a bar bakinta a ɗan buɗe, a ajiye a inuwa. A kwana na biyar a warware a ƙirga waɗanda suka fid da saiwa. In an samu 16 ko fiye, irin ya yi. In bai kai 12 ba, a dafa shi kawai. Tunda lokaci ya ƙure miki, ki yi gwajin da shukar rana ɗaya, ki sa ƙwaya uku a kowane mazubi, in sun fito a bar biyu masu ƙarfi.

Sannan ki kula da wane wake ne. Kanannado da ire-irensa na gargajiya ba sa fure sai rana ta fara gajarta, wajen ƙarshen damina. In kika shuka shi yanzu zai yi ta yaɗo yana zuba ganye, a yi hutu a dawo bai yi fure ba. Ki nemi mai tsayawa tsaye wanda ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana fitar da irin da ake kira SAMPEA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ma tana da tasha a Kano da ke aiki a kan wake, kuma malaman gona na ƙaramar hukuma sun san inda ake samun irin. In kin ga irin yana da launin ja ko ruwan hoda a jiki, an cuɗa shi da magani ne. Ke za ki raba shi da kanki, kada ya kwana a aljihun yaro, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu bayan shuka.

Kada a jiƙa wake ya kwana. Na san littattafai da yawa suna cewa a jiƙa, amma wakenmu ɓawonsa ba kauri, yana shan ruwa da sauri, in ya kwana sai ya kumbura ya dare ya fara tsami. Awa uku zuwa huɗu ya wadatar, ko ma a shuka shi a bushe cikin ƙasa mai laima. Zurfin rami santimita 3, wato gaɓa ɗaya da rabi ta yatsa. Yara suna son tura shi can ƙasa har yatsa ya nutse, sai ƙarfinsa ya ƙare kafin ya huda ƙasa. A wannan zafin, kwana uku zuwa biyar za ki ga ya lanƙwaso wuya.

Waɗanda suka kwanta kuma, ki tumɓuke guda ki dubi karan daidai inda ya haɗu da ƙasa. In wurin ya tsuke, ya yi baƙi-baƙi ko ya yi laushi kamar an dafa, ruwa ne ya yi yawa har ruɓa ta kama shi. Na tabbata gwangwanayen ba a huda su ba, ko an huda sau ɗaya laka ta toshe. A yi huji biyar da ƙusa a gindi, a zuba 'yan tsakuwa, sannan ƙasa: kashi biyu ƙasar gona ta jigawa, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya takin dabbobi wanda ya ruɓe har ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Laka zalla kuma tana ƙanƙamewa ta hana iska shiga. Batun ban-ruwa, ƙauna ce ke kashe shukar, kowane yaro yana so ya ba tasa da safe, da tara, da tashi. Ki kafa doka: a tura yatsa cikin ƙasa, in da laima a bar shi. Sau ɗaya da safe, rabin kofi ga ƙaramin gwangwani, a gindi ba a kan ganye ba.

Zuƙewar nan da sirancewa kuwa rashin rana ne. Tagar aji ba ta isa ba. Wake yana son rana ta awa shida ko fiye, in bai samu ba sai ya yi ta miƙa kara yana neman haske, ganyen ya yi fari-fari, karan ya kasa ɗaukar kansa. Amma a Mayu gwangwanin ƙarfe a tsakar rana yana yin zafin da ba ya taɓuwa, saiwa ta dahu. A binne gwangwanin rabi a ƙasa, ko a naɗe shi da kwali. Kuma gwangwanin madara na mako biyu zuwa uku ne kawai. Wanda ake so ya kai fure sai robar fenti ko tsohon buhu da aka cika ƙasa zurfin santimita 25 zuwa 30, tun farko a shuka a ciki, don wake ba ya son dashe. In makaranta na da fili, a yi kunya, tazarar santimita 75 tsakanin layi, 20 tsakanin rami.

Abin da ya fi komai ciwo a wannan aikin shi ne safiyar Litinin. An tashi ranar Juma'a an bar shuka kore shar, an auna, an rubuta a littafi, yara sun manna sunayensu. A dawo a tarar da kara tsirara, ganye ko ɗaya babu, ga sawun akuya, ga gwangwani a kife. Yaran da suka riga ka zuwa suna tsaye sun yi cirko-cirko ba mai magana, wata na riƙe da gwangwaninta tana share hawaye da gefen hijabi, wani yana ƙoƙarin mayar da ƙasar ya tsayar da karan ko zai tashi. Kuma duk don wani babba ya bi ta cikin makaranta ya bar ƙofa a buɗe, ko maƙwabci ya saki dabbobinsa da gangan saboda ya san akwai ɗanyen ganye. In ka yi magana a ce maka wake ne fa, nawa yake? Ba su ga mako huɗun da yaro ya yi yana ɗauko ruwa daga famfo ba. Malamin da ya sayi komai daga albashinsa ma ba a tambayarsa. Don Allah Malama, kada ki sake binne ƙwaya ɗaya sai kin yi shinge. Zana ko karan dawa da ƙaya ga awaki, tsohon gidan sauro a lulluɓe daga sama saboda ƙadangaru da kaji da fara, don ƙadangare yana cinye tsiron wake tun yana ganye biyu. Ban-ruwan ƙarshen mako kuma, a cika robar ruwa, a huda murfin da allura, a kifa ta a gefen shukar, a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa. In ruwan sama ya sauka sosai a cire robar, a kuma duba ko mazubin na tsiyayewa. A janye su daga ƙarƙashin indararo.

Waɗannan da suka lalace kada ki zubar. Ki ajiye zuƙaƙƙen kusa da wanda ya sha rana, wannan kaɗai ya isa nuni a baje koli. Ki ƙara da gwajin abin da iri ke buƙata kafin ya tsiro, kwalba huɗu, ƙwaya biyar-biyar: ɗaya a busasshiyar auduga, ɗaya a auduga mai laima, ɗaya a nutse cikin ruwan da aka tafasa ya huce aka zuba ɗan mai a sama don hana iska, ɗaya a auduga mai laima cikin firji. Ta biyun ce kaɗai za ta tsiro da kyau. Sai kwali mai huji a gefe ɗaya, a sa tsiro a ciki, cikin kwana uku zuwa huɗu zai karkata wajen hujin. Kuma duk ranar Litinin a shuka sabbin gwangwani uku, ta yadda ranar taron za a jera su daga ɗan kwana biyar har mai fure.

Ki gaya musu tun yanzu cewa ɓari biyun ƙwayar da suka fito saman ƙasa za su yanƙwane su faɗi, abincin da ke ciki ne ya ƙare, ba cuta ba ce. Ganye biyun farko ɗai-ɗai ne suna fuskantar juna, daga nan sai masu uku-uku. A auna tsawo da rula duk bayan kwana uku, daga ƙasa zuwa kan tsiro, a ƙirga ganye, a rubuta kwanan wata. Ina roƙonki, makin ya kasance a kan wannan littafin, ba a kan tsawon shuka ba. Yaron da tasa ta mutu amma ya rubuta ranar da ta fara yaushi da abin da ya gani a karan, ya yi kimiyya fiye da wanda babansa ya kawo masa shuka daga gona.

Taki kuma, kada a sa yuriya. Ganye zai yi ta yi, fure ya yi jinkiri. In ana so a taimaka, ɗan sufa kamar cikin murfin lemo a kowace roba, a cakuɗa da ƙasa kafin shuka. A mako na biyar ki tono guda ɗaya a hankali da ƙasarsa, a wanke saiwar cikin bokiti. Za su ga ƙulli-ƙulli kamar ƙwayar gero ko dawa manne a jiki. Ki tsaga ɗaya da reza da kanki. In cikin ja-ja ne, ƙwayoyin halittar da ke zaune ciki suna aiki, suna ɗebo wa shukar sinadarin naitirojin daga iska. Shi ya sa iyayenmu ke sa wake a tsakanin gero da dawa, kuma yawancin yaran sun ga ana yi a gonar gidansu ba tare da an taɓa gaya musu dalili ba.

Daga mako na uku a riƙa ɗaga ganye ana duba ƙasansa da kan tsiro. In aka ga ƙananan ƙwari baƙaƙe sun yi cincirindo, ganye na naɗewa, tururuwa na hawa da sauka, a murje su da yatsa ko a fesa ruwan sabulu mara ƙarfi, ɗan gutsure a lita ɗaya, da yamma. Ruwan ganyen darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana aka tace shi ma yana taimakawa. Maganin feshi na gona kada ya shigo inda yara ke sa hannu. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, don haka in kina so su gani su zana shi, ki kai su wurin kafin a shiga darasin farko.