Amsa: Yadda za ka kai binciken kwata ga mutanen Nima

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka isar da binciken da ka yi a Jami'ar Ghana da ke Legon kan toshewar kwata da ambaliya ga mutanen unguwannin Nima da Mamobi a Accra. Kundin digiri dai ka bar shi a laburare.

Fara da gaisuwa: sarkin unguwa, limamin Juma'a, sai ɗan asambili (wakilin jama'a a majalisar ƙaramar hukuma) na yankin, kafin ka sa ranar taro. In suka ji a bakin wasu, ba za su tara maka jama'a ba. Kwafin rahoton kuma ka kai majalisar Ayawaso ta Gabas, wadda Nima ke ƙarƙashinta tun 2018.

Sakamako uku sun isa. Kada ka ce "kashi 40 cikin ɗari", ka ce gida huɗu cikin goma. Buga taswira babba a takarda mai girman A3, ka sa masallaci, kasuwa da famfo a matsayin alama, don kowa ya gane lungunsa. Ka yi saƙon murya na Hausa a WhatsApp, kada ya wuce minti biyu, domin da yawa suna jin Hausa amma ba su saba karanta ta ba. Mata a yi musu zama daban bayan la'asar; su ne ke kwashe ruwa daga ɗaki.

Lokaci mafi kyau Afrilu ne, kafin ruwan Yuni. Mutane ba su manta ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Circle na Accra ba.

Inda ake ɓata lamari: ɗora wa mazauna laifin zubar da bola ba tare da faɗin nisan kwantenar bola daga gidajensu ba. Kuma kada ka nuna fuska ko ƙofar gidan wanda ka yi hira da shi sai da yardarsa.