Adashen da kike tambaya a kai

'Yata, kin tambaye ni ko ki shiga adashen matan unguwarku, tunda maigidanki ya ce ba ya ƙara wa gida komai. Ta wani ɓangaren yana da gaskiya, domin adashe ba ya haihuwa. Ku 10 ne, zubi naira 2,000 duk Juma'a, kwasa naira 20,000. Abin da kika zuba a mako 10 shi za ki ɗauka. Amfaninsa shi ne ya dunƙule miki kuɗin da zai zirare a magi da gudummawar biki.

Fara duba inda zubin zai fito. In daga ribar ƙuli-ƙulinki ne, bismillah. In kuɗin cefane za ki riƙa gutsura, miya ce za ta tsinke, yara su ji a jikinsu. In hannu ɗaya ya fi ƙarfinki, ku haɗa da wata, kowa rabin hannu.

Sai lokacin kwasa, wanda yawanci a nan ake yin sakaci. Ki roƙi uwar adashe ta sa ki a kaka, wajen Nuwamba ko Disamba, lokacin da gero da gyaɗa suke araha. Ki sayi hatsi ki ajiye, ko ki sayi akuya. Watan Yuli da Agusta, sanda rumbu ya yi ƙasa tiya ta yi tsada, gidanki na ci. Wadda ta kwasa ta zuba duka a anko kuwa, zubi na jiran ta ba jari. Kada kuma ki yarda da adashen da ya wuce shekara, saboda kafin kwasar ƙarshe ta zo, tsadar kaya ta cinye darajarta.

Abin da ke rusa adashe sananne ne: wata ta kwasa da wuri ta fara nuƙu-nuƙu, ko uwar adashe ta cusa hannayen da ba masu su. Ki san kowace mace da gidanta, a rubuta jerin kwasa a littafi, sabuwar shiga ta koma ƙarshe.

Rauninsa shi ne ciwo ba ya jiran layi. Wannan giɓin tsarin Mata Masu Dubara ya toshe, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta faro a yankin Maraɗi a 1991. Su a akwati suke tara kuɗin, makullansa a hannun mata daban-daban, a ba da rance ga mai buƙata, a raba kuɗin a ƙarshen zango. Akan ware ɗan asusun taimako don haihuwa da rashin lafiya. Sai dai rancen kan zo da ƙari, ki tambayi malami kafin ki karɓa.

Maigidan naki kuma ki sanar da shi kin shiga, amma ku yi magana tun yanzu: ci da sutura da magani suna wuyansa, kwasarki ba ta sauke masa su ba.