Ina zan samo madogara a binciken ci gaba mai ɗorewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a nan Makka, bincikena kan ruwa ne da ci gaba mai ɗorewa a Saudiyya. Na tara takardu barkatai daga intanet, amma malamin da ke duba aikina ya ce rabinsu ba su da tushe. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanwata. Gata malamin naki ya yi miki, gara a soke yanzu da a soke ranar kare aiki.

Ki fara da abin da jami'arki ta riga ta biya wa kuɗi. Da lambarki ta ɗaliba za ki shiga Laburaren Dijital na Saudiyya, wanda ya tattara mujallun ilimi na duniya. Kundayen digiri na Larabci kuwa, rumbun binciken Larabci na intanet mai suna Dar Almandumah za ki duba, ki rubuta "attanmiya almustadama", wato ci gaba mai ɗorewa, da haruffan Larabci. Ɗalibanmu da yawa da Turanci kaɗai suke nema, sai su yi zaton ba a taɓa rubutu a kan batun ba.

Ma'anar ci gaba mai ɗorewa ki ɗauko ta daga rahoton Brundtland na 1987, wanda wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar, kada ki ara daga wanda shi ma arowa ya yi. Muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Satumbar 2015, na shida shi ne na ruwa.

Inda nake so ki natsu shi ne shekarar da aka buga abu. A farkon shekarun 1990 Saudiyya na fitar da alkama zuwa ƙasashen waje, rubuce-rubucen lokacin suna ta yabon abin. Amma da ruwan ƙarƙashin ƙasa ake wannan noma, ruwan da ya taru tun dubban shekaru, wanda in an kwashe ba ya dawowa. A 2008 gwamnati ta yanke shawarar rage sayen alkamar gida har a daina zuwa 2016. To kin ga, littafin da aka buga a 1992 yana yabon wannan noma bai yi ƙarya ba, sai dai in kika kafa hujja da shi a kan halin da ake ciki yau, ke ce kika yi kuskuren. A babin tarihi ya kamata ki sa shi.

Sannan ki tambayi kanki: wa ya rubuta, wa ya ɗauki nauyi? Takardun Hangen 2030, wato shirin ci gaba na gwamnatin Saudiyya, galibi buri suke faɗa, ba sakamako ba. Ki gwada alƙalumansu da na Hukumar Ƙididdiga ta Saudiyya da na Bankin Duniya. In sun saɓa, ki rubuta saɓanin, wannan ma aiki ne.

Mujallar da ke alkawarin buga maƙala cikin mako guda in an biya kuɗi, ni dai ba na waiwayarta. Ki duba sunanta tukuna a Scopus ko DOAJ, shafukan da ke jera mujallun da aka tantance. Google Scholar, manhajar neman rubuce-rubucen ilimi, komai kwasowa yake yi, tsaba da tsakuwa, tankaɗen naki ne.

Gobe ki kai wa ma'aikaciyar laburaren sashen mata jerin takardun nan, ku bi su ɗaya bayan ɗaya.