Zauren Littattafai: Tsohon Gida, Dodo da Mai Bin Sawu

Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: littattafan ban tsoro da na binciken kisan kai a zamanin da. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanonin ɗab'i na Ingila da Amurka sun fara tallar abin da za su fitar da kaka, hotunan bango masu baƙin gida da hazo suna ta yawo a wayoyinmu. Ga biyar da na zaɓa.

Malam, barka da aiki. A tallar sababbin littattafan Turanci sai in ga an ce wannan gotik ne, wancan na ban tsoro ne, alhali bangonsu duk iri ɗaya nake gani. Akwai bambanci ko dabarar 'yan kasuwa ce kawai?
*Wata ɗaliba, Samaru, Zariya*

Ƙanwata, rabin zarginki yana kan hanya, don ɗan kasuwa zai liƙa wa littafi duk sunan da ke ci a shekarar. Amma bambancin yana nan.

A labarin gotik, gida shi ne babba. Abin ya faro a 1764, lokacin da Horace Walpole, ɗan majalisar Ingila kuma ɗan tsohon firayim minista, ya fitar da The Castle of Otranto. Bai sa sunansa ba. Cewa ya yi fassara ce ta wani tsohon littafi da aka buga a birnin Naples a 1529, sai da ya ga ya karɓu sannan ya fito a bugu na biyu ya ce nasa ne. Duba yadda ya buɗe: ranar ɗaurin auren ɗan sarki, wani ƙaton kwalkwali ya faɗo daga sama ya murƙushe ango a tsakar fada. Uban, ko makoki bai zauna ba, ya ce zai saki matarsa ya auri amaryar da kansa don kada sarauta ta bar gidan. Daga baya ta bayyana cewa sarautar ma kakansa da guba da wasiyyar jabu ya same ta. To kin ga kayan haɗin ke nan tun daga ranar farko: tsohon gida, gadon da aka ci da zalunci, yarinyar da ba ta da mafita, da laifin kakanni da ya biyo jikoki.

Shekara 30 bayan nan Ann Radcliffe ta gyara sana'ar. An biya ta fam 500 a kan The Mysteries of Udolpho a 1794, kuɗi mai yawan gaske a lokacin. Akwai wurin da yarinyar labarin ta shiga wani ɗaki ta ɗaga baƙin mayafi da aka rufe wani abu da shi, ta gani, ta faɗi sumammiya. Me ta gani? Radcliffe ta yi shiru. Sai mai karatu ya ci ɗaruruwan shafuka da wannan ƙulli a ƙirjinsa kafin a gaya masa gunki ne na kakin zuma. Ita ce ma ta rarrabe, a wani rubutunta da aka buga a 1826 bayan rasuwarta, tsakanin fargabar abin da ba ka gani ba, wadda ke farkar da hankali, da razanar abin da aka baje maka a gaba, wadda ke daskarar da shi.

Littafin ban tsoro zalla ya fi karkata ga na biyun. Abin yana nan da gaske, yana da haƙora, kuma yana tahowa. Ba ya buƙatar tsohuwar fada. Stephen King ya fara a 1974 da makarantar sakandare da wata yarinya da 'yan ajinsu suka matsa wa.

Idan kina son ki gane tun a shago, juya bayan littafin. In ya fara da amarya ko 'yar aiki da ta iso wani gida can nesa da gari, an kuma hana ta shiga wani ɗaki, gotik ne. In ya fara da garin da yara ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ɗayan ne. Ni dai na fi son na farkon, don jini in ya yi yawa a shafi yakan daina ba ni tsoro ya koma ba ni ƙyama. Kuma tun da Mexican Gothic na Silvia Moreno-Garcia ya yi kasuwa a 2020, inda ta ɗauke tsohon gidan ta dasa shi a wani garin haƙar azurfa na Meziko a shekarun 1950, marubuta da yawa sun gane cewa ba dole sai a Turai ba. Yawancin sababbin da kike gani wannan sawun suka biyo.

Ina ganin tallar littafi tun watan Yuni, in nema in rasa, wani lokaci sai shekara ta zagayo. Me ke jawo haka?
*Wani ma'aikaci, Kaduna*

Ɗan'uwa, kalandarsu ce, ba tamu ba. Bikin Halloween, wanda Turawa ke yin shigar dodanni da fatalwowi a cikinsa, yana faɗowa 31 ga Oktoba, don haka ake tura littattafan tsoro kasuwa daga Agusta zuwa Oktoba. A Amurka ranar Talata aka saba sakin sabon littafi, a Ingila Alhamis, har akwai wata Alhamis a Oktoba da ake zubo ɗaruruwan littattafai rana ɗaya saboda cinikin Kirsimeti. Tallar da kake gani watanni kafin nan kuwa, so ake mutane su biya tun kafin ya fito, domin duk wannan cinikin ana lissafa shi a makon farko, shi ke ɗaga littafi zuwa jerin waɗanda suka fi kasuwa.

Sannan mai kaurin bango ke fara fitowa, da tsada. Mai laushin bango yakan biyo baya da watanni, wani har shekara, kuma shi masu shagunan Abuja da Legas suka fi ɗaukowa, don shi aljihunmu ke iya ɗauka a wannan farashin dala.

Jiran ma riba ce. Kafin mai arahar ya iso, ƙurar talla ta lafa, an kuma fitar da sunayen waɗanda suka shiga takarar kyaututtuka: ta Bram Stoker da ƙungiyar marubutan ban tsoro ke bayarwa, ta Shirley Jackson da aka fara daga littattafan 2007, da ta ƙungiyar marubutan labarin laifuka ta Birtaniya mai ɓangaren tarihi. Jerin nan ya fi tallar kamfani amana. Kafin lokacin, Walpole da Radcliffe da Frankenstein na 1818 da Dracula na 1897 duk suna nan kyauta a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai.

Ni tsohon malamin tarihi ne, ba ruwana da fatalwa. Jikata ta kawo mini wani littafi na binciken kisa a zamanin sarakunan Ingila. Tarihin da ke cikin irin waɗannan abin dogaro ne?
*Wani dattijo, Katsina*

Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan fannin ku aka yi wa.

Daɗinsa shi ne an ƙwace wa mai bincike duk kayan aikin zamani. Babu waya, babu gwajin jini, sau da yawa babu ma 'yan sanda. Sai ido da kunne da sanin mutane. Don haka dole marubuci ya nemo wanda al'ummar wancan lokacin za ta bari ya shiga ɗaki ya yi tambaya, kuma a wannan zaɓen ake gane wanda ya san zamanin. Ellis Peters ta ɗauki wani ɗan zuhudu mai haɗa magungunan itatuwa a garin Shrewsbury na Ingila a ƙarni na 12, tun daga 1977, don mai magani ba a rufe masa ƙofa kuma ya san guba. Robert van Gulik, jami'in diflomasiyyar Holan, ya ɗauki alƙali Di Renjie, mutum na gaske da ya yi aiki a daular Tang ta Sin ya rasu a shekara ta 700. A can alƙali shi ne mai bincike, shi ne mai yanke hukunci. C. J. Sansom, wanda ya rasu a 2024, yana da digirin digirgir a tarihi kuma ya yi aikin lauya, sai ya ɗauki lauya a zamanin da Sarki Henry na Takwas ke rushe gidajen 'yan zuhudu yana ƙwace dukiyarsu. In irin nasa jikarku ta kawo, ta iya zaɓe.

Wanda nake ganin zai fi shiga ranku shi ne The Widows of Malabar Hill na Sujata Massey, 2018. Bombay ce ta 1921. Wani attajiri Musulmi ya rasu ya bar mata uku a kulle. Takarda ta iso ofishin lauyoyi cewa dukkansu sun yafe rabonsu sun bayar waƙafi. Wata matashiyar lauya ta duba sa hannun, ta ga ɗaya daga cikin matan alamar X kawai ta yi. Wadda ba ta iya rubuta sunanta ba, wa ya karanta mata abin da ta sa wa hannu? Namijin lauya ba zai iya shiga ya tambaye su ba. Ita za ta iya. Duk labarin a kan wannan ƙofar ya rataya, kuma duk wanda ya taɓa halartar rabon gado a gidan mata da yawa zai gane wurin tun kafin a kai ga gawa.

Batun dogaro kuwa, na ƙwarai sukan sa bayani a ƙarshe su faɗi abin da ya faru da gaske da abin da suka ƙaga. Ku fara da nan. Shekaru da sunayen sarakuna ba su cika kuskurewa ba, bincikensu da sauƙi. Inda ake zamewa shi ne tunanin mutane: ka ga jarumi sanye da tufafin ƙarni na 16 amma ra'ayinsa a kan addini da aure da mulki na ɗan jami'ar yau ne. Da kun ga haka, ku san ɗinkin kaya kawai aka yi. Orhan Pamuk ya tsallake wannan ramin a My Name Is Red, inda masu zanen fadar Santambul a 1591 ke gardama har da kisa a kan ko ya halatta a zana mutum yadda Turawan birnin Benis na Italiya ke yi. Damuwar tasu ce, ba tamu ba.

Ni kam ina ƙyashin a ce har yanzu ban riƙe irin wannan da Hausa ba: gawar madugu a zango, ayarin goro ya dawo daga Gwanja, alƙalin Kano na ƙarni na 19 yana sauraron shaidu a kan wuri da bashi. Kayan aikin suna nan jibge. Ku da kuka koyar da tarihin, Baba, ga alƙalami.

Duk sunayen da ake ambata na Turawa ne. Mu da Larabawa ba ma rubuta irin wannan?
*Wani ɗalibi, Zango, Kumasi*

Muna yi, kuma a ganina mafi ƙarfin abin da ke fitowa yanzu daga wajen Turai yake zuwa, daga mutanen da ba sai sun ƙago abin tsoro ba.

Ɗauki Ahmed Saadawi na Iraƙi. Littafinsa Frankenstein in Baghdad ya fito da Larabci a 2013, ya ci babbar kyautar ƙagaggun labaran Larabci a 2014. Wani ɗan gwangwan ne a Bagadaza bayan mamayar Amurka, yake bin wuraren da bam ya tashi yana tsintar sassan jikin mutane, yana ɗinke su wuri guda don a samu cikakkiyar gawa da hukuma za ta yarda a yi wa sutura, ba a share ta da shara ba. Hanci ne na ƙarshe da ya samo. Sai gawar ta tashi ta shiga ɗaukar fansar kowane sashe nata, kuma duk sashen da ya ruɓe sai ta nemi sabo, har aka kai inda ba a san na mai laifi da na marar laifi ba.

A Masar, Ahmed Khaled Tawfik, likita ne, ya fara jerin ƙananan littattafan tsoro a 1993, matasan Larabawa suka tashi da su. Ya rasu a 2018, Netflix ta mayar da su fim mai dogon zango a 2020. A gida kuwa ga Nuzo Onoh, haifaffiyar Inugu mazauniyar Ingila, wadda ke gina labaranta a kan al'adun mutuwa da binnewa na ƙasar Ibo, ƙungiyar da ke ba da kyautar Bram Stoker ta karrama ta da lambar yabo ta aikin rayuwa a 2023. In kana duba jerin masu fitowa, irin waɗannan sunayen za ka fara nema, da na Mariana Enriquez ta Ajantina, wadda fatalwowinta ba sa nisa da mutanen da mulkin soja ya ɓatar a ƙasarta.

Ɗana mai shekara 14 ya kamu da karatun labaran tsoro a waya har tsakar dare. In hana shi?
*Wata uwa, Gombe*

Hajiya, mu ma da Dodo aka rene mu a dandali, ba mu lalace ba. Yaron da ke karatu da kansa ba a kashe masa gwiwa. Sai dai littattafan tsoro na manya da yawa suna ɗauke da batsa da azabtarwa da ba su dace da shekarunsa ba, kuma bango ba ya nunawa. Ki karɓa ki karanta babi biyu daga tsakiya, ba farko ba, don a farko kowa mutumin kirki ne. Akwai waɗanda aka rubuta musamman don yara, irin jerin Goosebumps na R. L. Stine da ya faro a 1992, ana samun tsofaffinsu da araha wurin masu sayar da littattafan gwanjo. Ki saya masa na takarda ya karanta da rana, wayar kuma ta riƙa kwana a ɗakinki.