Hoton zuciya ya fito lafiya, shikenan mai suga ya tsira?

Ƙanena, na ga tambayarka, wai idan muka sa zuciyar mai ciwon suga aiki muka ɗau hoto ya fito tsaf, za a iya ce masa ya kwantar da hankali zai daɗe? Toh rai dai a hannun Allah yake, mu haɗari kawai muke aunawa, kuma a wajen mai suga awon nan sai da lura sosai.

Suga in ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, sai jini ya ragu a naman zuciya mutum bai ji komai a ƙirji ba, iyakaci ya ce maka yana haki in ya hau bene. A binciken DIAD da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1123 masu suga marasa alamar ciwon zuciya, kusan 22 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hoton an ga matsala. Amma da aka bi su kusan shekara biyar, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna gwada kowa da kowa bai rage bugun zuciya irin na toshewar jijiya ko mutuwa ba. Shi ya sa kaga likita ba ya turo duk mai suga, sai mai haki ko wanda ECG ɗinsa, wato zanen lantarkin zuciya, ya canza ko makamancin haka.

Abin da nafi so ka riƙe shi ne hoton ba shi kaɗai ke magana ba. Ka cire shekarun mutum daga 220, kashi 85 cikin 100 na abin da ya rage shi muke so bugun zuciyarsa a minti ɗaya ya kai yayin gwajin, ɗan shekara 60 kenan 136. In ya tsaya a 110 saboda tafin ƙafarsa na zafi ko ya sha atenolol, maganin da ke rage saurin bugun zuciya, da safe, gwajin bai cika ba ko hoton ya yi kyau kamar me, ka rubuta haka ɓaro-ɓaro, wallahi raina na ɓaci in naga an rubuta lafiya lau a kan irin wannan. Ka rubuta minti nawa ya yi a kan injin tafiyar, don wanda ya jure ya haye matakan injin na minti uku-uku ya fi kyakkyawan zato nesa ba kusa ba a kan wanda sam bai iya takawa sai da aka ɗura masa dobutamin, maganin da ke sa zuciya aiki ba tare da tafiya ba. Kuma yana sauka ka kwantar da shi ta gefen hagu ka ɗora kan eko, na'urar hoton zuciya, nan take, in ka wuce minti ɗaya da rabi bangon zuciyar da ya yi sanyin motsi zai iya farfaɗowa ka rasa shi.

Ko ya fito lafiya ɗin da gaske, kwanciyar hankalin mai suga ba ta kai ta mara suga daɗewa, toshewar jijiya na saurin ci gaba a jikinsu, don haka kar ka ce masa ya warke, ka ce ya koma wa likitansa ya ci gaba da shan magungunansa.

Sannan kafin ka fara ka auna sugansa, wasu sukan yi allurar insulin su taho ba su karya ba. In adenosin, maganin buɗe jijiyoyin zuciya don gwajin, za a ba shi ka tambayi asma, ka tambayi shayi da kofi tun jiya, kuma ka ambaci goro da sunansa, dattawanmu ba sa lissafa shi a cikin abin da suka ci.