Shagunan da jirgin ruwa ya "yarda da su": wa ke biyan dillalin?

Wasiƙu sun taru wannan makon, bari in fara da mai sauƙi. Wani daga Kaura Namoda yana tambaya ko ya sayi batirin sola na hannu tunda an rage mai kusan rabin kuɗi. A'a. Batirin da ya gaji ba a gane shi da ido, sai ka kai gida ƙarfe biyun dare fanka ta tsaya sauro ya fara maka waƙa. Ka ƙara haƙuri ka sayi sabo ko ƙarami ne.

Sai wadda ta tsaya min a rai. Wata baiwar Allah daga Gusau ta rubuto: "Baba, ɗiyata tana aikin jinya a Amurka, ta biya mana jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, zai tashi daga Miyami ya tsaya Bahamas da Meziko. Ta ce cikin jirgin ana ba mutum takardar shagunan da kamfanin ya yarda da su, har da garanti. Ina son in sayo sarƙa da 'yan kunne na auren ƙanwarta da kuɗin adashen da na kwasa, ga shi Turancin nawa ba wani mai yawa ba, tsoro nake kar a cuce ni. In bi takardar?"

Hajiya, Allah ya yi wa ɗiyar nan albarka, kuma ki daina jin kunyar tsoron nan, shi zai tsare maki kuɗinki. Ki karɓi takardar don taswirar gari da ke jikinta ki san hanyar komawa jirgi, amma ba don ita za ki fitar da kuɗin adashe ba.

Kin san dillalin shanu a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, kowa ya san shi dillali ne, kowa ya san yana da la'adarsa, in an gama ciniki a gaban jama'a ake ba shi, ba wanda ya ji an yaudare shi. To na cikin jirgi ma dillali ne, sai dai shi ya sa kwat ya riƙe makirfo, ya tara ku a babban zaure kafin a isa gari yana raba katin rangwame da 'yar kyautar abin hannu da za ki je shago ki karɓa, yana ce maki shi mai ba da shawara ne. Shagunan nan biya suke a saka sunansu cikin takardar, kamfanin tallan da ya ɗauke shi aiki yana da kasonsa, masu jirgin suna da nasu, shi ma yana da kamasho in kun saya, shi ya sa kina shiga shago za a tambaye ki sunan jirginki a rubuta. Duk kuɗin nan daga ina za su fito in ba daga aljihunki ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba ƙage na yi musu ba. A jihar Alaska ta Amurka, inda jiragen nan ke tsayawa Juneau da Ketchikan da Skagway, masu ƙananan shaguna sun daɗe suna kukan ana kushe su a cikin jirgi don ba su biya ba. A 2013 hukumar jihar ta sa kamfanoni uku masu wannan harka suka biya dala 200,000, suka kuma yarda ma'aikatansu za su riƙa faɗa wa fasinja cewa talla suke yi, su daina ɓata shagon da bai shiga tsarin ba. In da shawara ce tsakani da Allah ai da ba a kai ga haka ba.

Ban ce kayansu jabu ba ne, galibi na gaske ne, matsalar tsada ce da gaggawa. Jirgi 'yan awanni yake tsayawa, in kin makara tafiyarsa yake, ga mai shago yana duba agogo yana cewa rangwamen na yau ne kawai, ina kika ga lokacin zagaya shago uku ki taya? Garantin kuma galibi na kwana 30 ne, kuma bai shafi wai kin canza ra'ayi ko kin ga mai araha a wani wuri ba. Kina Gusau dutse ya faɗo daga ɗan kunne ranar kamu, wa za ki kai wa ƙara a Kozumel, tsibirin Meziko da jiragen nan ke tsayawa?

Ga abin da ya fi ci min rai, mu 'yan Zamfara da ake haƙo zinariya a Anka da Maru mu tafi tsakiyar teku a sayar mana da ita. Ki juya sarƙar ki duba lambar da aka buga jikin maƙullinta, 585 karat 14 ke nan, 750 karat 18, 875 shi ne 21, 916 kuma 22. A can 14 ta fi yawa, mu kuwa matanmu 21 da 18 suka sani, kuma gwal a wurinmu ajiya ce, ranar da ta ɓaci ita ake ɗauka a kai kasuwa. Ran da kika kai wa mai gwal zai ɗora a sikeli ya cire nauyin duwatsun, giram zai biya, labarin da aka ba ki a jirgi ba ya hawa sikeli. Za su nuna maki wani shuɗin dutse tanzanait, kyakkyawa ne ba ƙarya, daga Tanzaniya ake haƙo shi kusa da Arusha, amma ki gaya min wa zai saye shi a hannunki a nan. Ki bar kuɗin auren a gida ki sayi 21 wurin mai gwal ɗin da kika san shagonsa kika san gidan ubansa. A jirgi ki sayo wa jikoki riga da 'yar tsaraba, ki sha iskar teku abinki.

Kuma kar alhazanmu su yi dariya, ku ma ana yi maku. Da na je Umara direban da ya kai mu ziyara Uhudu da Ƙuba ya ce zai biya da mu gonar dabino wai ta ɗan'uwansa ce, aka shimfiɗa mana darduma aka zuba gahawa, kunya ta sa kowa ya sayi ajwa kilo-kilo. Ina ɗaure kwalina na hango shi bayan kanta ana ƙirga mai riyal. Washegari na shiga kasuwar dabino ta Madina na taya irinsa, ban gaya wa abokan tafiyata farashin ba don kar in ɓata musu ibada.

Na ƙarshe, wani saurayi daga Birnin Kebbi wai ya ci bashi a manhajar waya ya hau irin jirgin nan na Dubai don ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, "ya kake gani Baba?" Ina gani ka tafi Yawuri ka hau kwale-kwale, ka tabbata an ba ka rigar ruwa, ka ce a ɗauke ka ta gefen da ba a ganin buhunan albasa.