Ina ganin kifin turawut a ƙorama, amma sun ƙi cin ƙugiyata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Bajiniya ta Amurka. A gida na saba fatsa da tana, ina kama tarwaɗa da karfasa. A watan Oktoba abokai suka kai ni gandun dajin Shenandoah kamun kifin turawut, da irin fatsar nan da ake ɗaura wa ƙugiya gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro. Ruwa garau, ga kifi ina gani, amma da na matsa sai su watse. Tun asuba muka fita, har rana ta take ban kama ko ɗaya ba. Lokacin ne bai dace ba, ko ƙwaron ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kaka lokaci ne mai kyau, kuma ina kyautata zaton ƙwaronka ba shi da laifi. Ai da bakinka ka faɗi matsalar: kana ganin su. Kifin da ka tsaya a kansa kana kallo, ya daɗe da ganin ka.

Tarwaɗa da ka saba da ita a ruwa mai duhu take, da ƙanshi da gashin baki take neman abinci. Turawut kuwa da ido yake ci, da ido yake tsira. Bayan zafin watannin Yuli da Agusta ƙoramun tsauni sukan janye, ruwan ya tace, kifin ya rage ba shi da mafaka sai ƙarƙashin dutse. Zalɓe da sauran tsuntsaye daga sama suke zuwar masa, don haka inuwa kaɗan ta gifta, shi ke nan. Sa'arka ɗaya, kullum kansa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, yana jiran abin da zai kawo masa. To ka fara daga ƙasa kana haurawa, ka zo masa ta baya. Ka duƙa, in ta kama ka durƙusa, ka fake da manyan duwatsu. Farar riga ka bar ta a gida, ka sa mai ruwan ƙasa ko kore mai duhu. Ka lura da inda rana take don kada inuwarka ko ta sandarka ta faɗa kan ruwa, kuma kada ka shiga ruwan sai dole.

Ga wani abu da sababbin shiga kan yi sakaci da shi. In ka iso wuri mai zurfi, kada ka yi saurin jefawa can gaba inda ruwa ke zubowa. Fara da ƙarshen wurin, inda ya fi kusa da kai. Ƙananan kifin da ke nan, in ka firgita su, gaba za su ruga su tayar da hankalin sauran. Jifan farko shi ne mai daraja. In ka yi biyu ko uku shiru, ka wuce gaba.

Fitar asuba kuma dabarar lokacin zafi ce. Wannan kifi ya fi kuzarin ci idan ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas, in ya haura 20 sai ya galabaita. A Oktoba daren tsauni kan sanyaya ruwa sosai, sai hantsi ya dubi ludayi kifi ke fara motsi, cin kuma ya fi kankama tsakanin azahar da la'asar. Wato kun daina fatsa daidai lokacin da ya kamata ku fara. Ranar da hadari ya rufe sama ana ɗan yayyafi ta fi ranar da gari ya washe, domin a irinta ne wasu ƙananan ƙwari masu launin zaitun ke fitowa daga ruwa, kifi ya taso sama yana tsinta.

Batun ƙwaro ba shi da wahala, tunda abinci ya yi ƙaranci a irin waɗannan ƙoramu, kifin ba ya tsirfa. Ƙwarin bogi masu yawo a saman ruwa da ake kira Adams ko Elk Hair Caddis lamba 14 ko 16 sun ishe ka, da mai siffar tururuwa kafin sanyi ya kashe ƙwarin tudu. Yadda lamba ke hawa, haka ƙugiya ke ƙanƙancewa. In sun ƙi tasowa, ɗaura mai nutsewa kamar Pheasant Tail. Abin da ya fi zaɓi muhimmanci shi ne ƙwaron ya bi ruwa da saurin ruwan, kada igiya ta ja shi. Ɗaga bakin sanda yadda igiyar ba za ta kwanta a ruwa ba. Sanda mai tsawon ƙafa 7 zuwa 8 da siririn zaren ƙarshe mai lamba 5X ko 6X sun wadatar. Ganyen da ke zuba zai yi ta maƙale maka, ka riƙa duba ƙugiya.

Sai dai akwai abin da nake so ka kiyaye fiye da kamun. Turawut ɗan asalin waɗannan tsaunuka, mai jan ciki da farin layi a gefen fukafukansa, a Oktoba da Nuwamba yake zuba ƙwai. Macen takan kaɗa jela ta share tsakuwa ta yi gurbi, za ka ga wurin ya fi kewayensa haske. Ƙwan yana nan cikin tsakuwa har wajen ƙarshen hunturu, taku ɗaya ya isa ya murƙushe shi. In ka ga kifi biyu sun jeru a kan irin wannan wuri, ka kewaye su. Masunta da dama sukan ajiye sanda gaba ɗaya a waɗannan ƙoramu har a gama zuba ƙwai, ni ma ra'ayina ke nan. Wani nau'in turawut, mai launin bakan gizo, sai bayan hunturu yake nasa, don haka ruwan da yake ciki ya fi dacewa da kai a Nuwamba.

Ka tabbata kana da lasisin kamun kifi na Bajiniya. A gandun an hana tana da duk wani abincin fatsa na gaske, abincin bogi mai ƙugiya ɗaya kawai aka yarda da shi. A ƙoramu da yawa, har da Rapidan inda Shugaban Amurka Herbert Hoover ya kafa sansaninsa a 1929, duk abin da ka kama sakinsa za ka yi. Ka matse ƙayar ƙugiya da filaya, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa kifin, ka mayar da shi ruwa nan take.